Keken Jarirai Na YOYO2 Da Kayan Da Ake Haɗa Masa: Inda Ya Dace Da Inda Bai Dace Ba

Keken tura jariri samfurin YOYO2 yana cikin kekunan da iyaye masu yawan tafiye-tafiye suka fi ambata, kuma duk wanda ya taɓa zama a ɗakin jira na babban filin jirgin sama ya san dalili, domin da wuya a jima ba a ga uwa ko uba sun wuce da shi ba, ko dai ana tura shi da hannu guda, ko kuma an naɗe shi an rataya a kafaɗa. Na yi renon 'ya'yana da shi, na kuma yi amfani da wasu kekunan da suka fi shi girma da nauyi. Abin da na gani shi ne an ƙera shi da basira domin aiki guda, wato tafiya a jirgi da mota da kuma bin daɓe mai santsi, kuma yana yin wannan aikin yadda ya kamata. Amma wanda ya saye shi da zaton zai ratsa masa kowace irin hanya, ya zuba kuɗi masu yawa a inda ba za su biya masa buƙata ba.

Kamfanin Babyzen na ƙasar Faransa ne ya fara fito da YOYO a shekarar 2012, ya sabunta shi zuwa YOYO2 a 2020, sannan a ƙarshen 2021 kamfanin Stokke na ƙasar Norway ya sayi Babyzen, shi ya sa yanzu ake ganin keken ɗauke da sunan Stokke. A 2024 an fito da YOYO3, wanda aka faɗaɗa masa rumfa aka kuma ƙara wa kwandonsa ƙarfin ɗaukar kaya, sai dai asalin ƙirar tana nan, saboda haka mafi yawan abin da zan faɗa ya shafi sabon ma. Na tsaya a kan YOYO2 ne domin shi na sani da kyau, kuma har yanzu ana samunsa a wurin masu sayar da kayan yara na hannu. Tunanin keken jariri marar nauyi da ake naɗewa ba yau aka fara shi ba. Wani injiniyan jiragen sama ɗan Ingila mai suna Owen Maclaren ne ya ƙera na farko a 1965 da ƙarfen alminiyom, yana naɗewa a tsaye irin naɗewar laima. Matsalar wannan naɗin ita ce keken yana nan da tsawonsa, ba ya shiga ma'ajiyar kayan da ke saman kujerun fasinja a jirgi. Abin da YOYO ya zo da shi shi ne ninkewa har keken ya dunƙule ya koma girman jakar hannu, kuma a kan wannan dabara guda aka gina duk sunan da ya yi.

Idan an naɗe shi, tsawonsa santimita 52 ne, faɗinsa 44, kaurinsa 18, nauyinsa kuma kilo 6.2 tare da kujerar da ake sa wa ɗan wata shida zuwa sama. Ma'aunin da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, wato IATA, ta ba da shawara a kansa game da jakar hannu shi ne santimita 56 da 45 da 25, don haka keken yana cikin iyaka ta kowace fuska. Duk da haka ya kamata iyaye su sani cewa shawara ce kawai, kowane kamfanin jirgi yana da tasa ƙa'idar, kuma ƙananan jiragen da ke zirga-zirga a cikin gida ma'ajiyarsu ta fi ƙunci. Hankali shi ne a tambayi kamfanin kafin ranar tafiya, a kuma tafi da jakar da za a zura keken a ciki ko da za a karɓe shi a ƙofar jirgi a sa shi cikin manyan kaya. A filayen jirgin da fasinja ke hawa bas sannan ya taka matakala zuwa cikin jirgi, igiyar ratayawa da ke jikin keken ita ce abin da ya fi komai amfani, domin uwa za ta iya ɗaukar yaro a hannu guda, keken yana kafaɗa, ɗaya hannun kuma yana riƙe da ƙarfen matakala. Haka abin yake ga mai zama a bene marar na'urar hawa, da mai ƙaramar mota da but ɗinta ya riga ya cika da cefane, da ma wadda za ta shiga Adaidaita Sahu ta ɗora shi a cinya.

Buɗe shi abu ne mai sauƙi, ana zare maƙalar da ta riƙe shi a girgiza shi sau ɗaya ya miƙe, a saurari ƙarar da ke nuna ya kulle. Naɗewar kuwa tana buƙatar hannu biyu, domin sai an danna maɓallai biyu a gefen mariƙin an kwantar da shi baya, sannan a sunkuya a kama wani mariƙi da ke ƙarƙashin kujera a ɗaga. Ba wuya gare ta ba idan an saba, amma tana nufin dole a sauke yaron ko a miƙa shi ga wani kafin a fara, wanda kuma ke tafiya shi kaɗai da jaririn da bai iya tsayuwa ba ya kamata ya yi lissafin wannan tun kafin ya saya. Wajen turawa ba ni da abin cewa sai yabo. A kan daɓe mai kyau keken yana juyawa da hannu guda ba tare da an yi ƙarfi ba, kuma ƙarancin faɗinsa yana ba shi damar wucewa ta ƙofofin da manyan kekuna ke maƙalewa. Mariƙinsa ba a ɗaga shi ba a kuma saukar da shi, tsayi ɗaya gare shi, saboda haka dogon mutum mai faɗin taku ya gwada tafiya da shi a cikin shago ya gani ko ƙafarsa tana bugun ƙarfen baya.

Tayoyi su ne inda ya kamata mai saye ya tsaya ya yi dogon nazari, domin a nan ne ake gane ko keken ya dace da rayuwar mutum ko bai dace ba. Tayoyin YOYO2 ƙanana ne, kuma dole su zama ƙanana idan ana so keken ya dunƙule zuwa girman da aka ambata. Ƙaramar taya tana ɗora nauyi a kan ɗan ƙaramin wuri, shi ya sa take nutsewa a rairayi, idan kuma ta ci karo da dutse ko bakin rami da ya kusa rabin tsayinta, tsayawa take yi cak maimakon ta haye. An sa wa dukkan tayoyin huɗu abin rage jijjiga, kuma yana aiki a kan gaɓoɓin tayil da intalok da ƙananan tsagun kwalta, amma ba a yi shi domin gargada ba. Wanda rayuwarsa take tsakanin gida mai daɓe da mota da asibiti da wurare irin su Jabi Lake Mall ko Millennium Park a Abuja, ko Ado Bayero Mall a Kano, ba zai taɓa jin wannan gazawa ba. Wanda kuwa da zarar ya fito ƙofar gida yashi ne da burji da buɗaɗɗiyar kwata, da damina kuma taɓo, zai tarar yana ɗaukar keken fiye da yadda yake tura shi, yaron da ke ciki kuma yana shan girgizar da ba ta da amfani. Ba laifin maƙeran ba ne, domin titunan birni masu santsi suka duba suka ƙera shi, sai dai mai shago ba lallai ya faɗa wa mai saye wannan ba.

Akwai wani abin da ya shafi hanya wanda ba a cika magana a kansa ba, kuma ya shafi kowane keke, ba wannan kaɗai ba. Yaron da ke zaune a keke fuskarsa tana kusa da tsayin salansar mota da ta babur. Masu bincike a Jami'ar Surrey ta Ingila sun bayyana a 2018 cewa jaririn da ke cikin keke yana iya shaƙar gurɓatacciyar iska da ta kai kashi 60 cikin 100 fiye da ta babban da ke tura shi. A titin da babu gefen masu tafiya a ƙasa, inda mai keke zai raba hanya da motoci da babura, ga hayaƙi ga ƙura, ban ga dalilin da zai sa a fito da jariri a keke ba, kowane irin keke ne.

Wannan ne ya sa nake ganin keke bai zo ya kori goyo ba. A cikin cunkoson Kantin Kwari ko lungunan Kasuwar Kurmi, zane da majanyi sun fi duk wani keke da aka taɓa ƙerawa, domin yaro yana jikin uwarsa, yana sama da ƙura, hannayenta biyu kuma suna sake. Keke yana da nasa wurin, kuma wuri ne na gaske. Uwar da aka yi wa tiyata wajen haihuwa, ko wadda ke fama da ciwon baya, ko wadda yaronta ya yi nauyi alhali tana da wani cikin, duk keke yana sauƙaƙa musu. Haka nan doguwar jira a asibiti ranar rigakafi, da doguwar tafiya a cikin filin jirgi lokacin zuwa Umara. Akwai kuma fa'idar da na fi daraja, wadda ba a rubuta ta a jikin kwali: uban da ba zai yi goyo ba yakan tura keke ba tare da jin nauyi ba, kuma ta haka ɗawainiyar fita da yaro take raguwa a kan uwa.

Ga wanda hanyarsa ba ta da santsi amma yana buƙatar keke, shawarata ita ce ya duba masu manyan tayoyi. Wanda na sani a cikinsu shi ne City Mini GT2 na kamfanin Baby Jogger, mai taya uku na roba waɗanda ba a hura musu iska, da mariƙin da ake ɗagawa a sauke, da birki na hannu, da kujerar da ke kwanciya kusan a miƙe, kuma ana naɗe shi da hannu guda ta hanyar jan wata igiya da ke tsakiyar kujera. Nauyinsa ya kai kimanin kilo 10, ba ya shiga ma'ajiyar saman kujeru a jirgi, yana kuma cin wuri a but. Duk da sunan kamfanin, ba a yi wannan samfurin domin gudu da yaro ba. Tayoyin da ake hura wa iska sun fi kowanne laushi a kan gargada, amma a inda ƙaya take da yawa mai su zai riƙa zarya wurin mai faci.

Batun sabon haihuwa yana buƙatar kulawa ta musamman, domin a nan ne kuskure yake da haɗari. Kujerar YOYO2 ta yau da kullum an yi ta ne domin ɗan wata shida zuwa sama, lokacin da wuyan yaro ya yi ƙwari ya fara zama. Jaririn da bai kai haka ba idan aka jingina shi a zaune, kansa yana iya rinjaya gaba haɓarsa ta taɓa ƙirji, hakan kuma yana matse hanyar numfashi ba tare da ya yi kukan da zai ankarar da kowa ba. Saboda haka dole ya kwanta a miƙe. Kamfanin yana sayar da abubuwa biyu domin wannan. Na farko shimfiɗa ce mai laushi da ake ɗaurawa a jikin ƙarfen, jariri yana kwance yana fuskantar mai turawa, kuma tana naɗewa tare da keken. Na biyu ɗan gado ne mai ƙarfin gefe wanda ya fi kariya da yalwa, amma sai an cire shi kafin a naɗe keken, kuma da zarar an yi haka an rasa sauƙin da aka sayi keken dominsa. Ni na fi karkata ga shimfiɗar. Ko wanne aka zaɓa, kuɗinsa dabam ne, amfaninsa kuma bai wuce wata shida ba, shi ya sa iyaye da yawa suke goyo ko ɗauka a hannu a watannin farko su jinkirta sayen keken har yaro ya fara zama, kuma ina ganin wannan dabara ce mai kyau. Akwai kuma maƙalai da ake saya domin ɗora kujerar mota ta jariri a kan ƙarfen keken, abin da ke da daɗi idan jariri ya yi barci a mota ba a so a tashe shi. Sai dai shawarar da masana lafiyar yara suka saba bayarwa ita ce kada jariri ya wuce awa biyu a kujerar mota a zama ɗaya, kuma kada ta zama wurin barcinsa idan an iso gida.

Kujerar ɗan wata shida zuwa sama tana ɗaukar yaro har kilo 22. Ana kwantar da bayanta ta hanyar sassauta wata igiya, amma ba ta kwanciya a miƙe, ba ta kuma tsayuwa ƙyam, don haka yaro mai son kallon hanya yakan riƙa jan jikinsa gaba. Bel ɗinta mai maɗauri biyar ne, biyu a kafaɗa, biyu a ƙugu, ɗaya a tsakanin ƙafafu, kuma ina roƙon iyaye su riƙa ɗaura shi duka a kowace fita komai gajartarta, domin zamewa ta ƙasa da faɗowa ta gaba suna faruwa ne a lokacin da ake ganin ai nan da can ne kawai. Ana cire yadin kujerar a wanke, abin da duk wanda ya ga yadda kunu da ƙurar hunturu suke yi wa yadi zai yaba.

Rumfar tana da kariyar rana mai ma'aunin UPF 50+, wato yadinta yana tare mafi yawan hasken rana mai ƙona fata, amma gajera ce, idan rana ta yi ƙasa da safe ko da yamma tana samun fuskar yaro da ƙafafunsa. A nan ne mutane suke yin abin da nake so a daina, wato lulluɓe keken da zane ko mayafi ko tawul domin a yi wa yaro inuwa. Niyyar mai kyau ce, sakamakon ne ba shi da kyau, domin yadin yana tsare iska, zafi ya taru a ciki, mai turawa kuma ba ya ganin halin da yaron yake ciki. Masu bincike a Jami'ar Sydney ta Ostareliya sun gwada wannan, suka wallafa a 2023 cewa lulluɓe keke da busasshen yadi yana iya ƙara zafin cikinsa da kusan digiri 4, alhali siririn yadi da aka jiƙa aka matse, idan aka haɗa shi da ƙaramar fanka, yana rage zafin da kusan digiri 5. Dalilin shi ne ruwan da ke bushewa daga yadin yana tafiya da zafi, kuma wannan dabara ta fi aiki a busasshen yanayi. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara yake haura digiri 40, ƙarin digiri 4 a kan jaririn da jikinsa bai iya daidaita zafi kamar na babba ba, ba ƙaramin abu ba ne. Idan dole ne a fita da rana, a yi amfani da jiƙaƙƙen yadi marar kauri, a bar gefe a buɗe yadda za a riƙa ganin yaron, a sake jiƙa yadin da zarar ya fara bushewa. Ƙaramar fanka mai caji da ake maƙalawa a jikin keke tana cikin kayan da suka cancanci kuɗinsu, da sharaɗin ragarta ta kasance mai ƙananan ƙofofi da yatsa ba zai shiga ba, a kuma maƙala ta inda hannun yaro ba zai kai ba.

Gidan sauro na keke shi ne abu na farko da zan ce a saya, tun kafin komai. Mafi yawan waɗanda zazzaɓin cizon sauro yake kashewa a Afirka yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma lokacin da aka fi son fita da yaro shan iska, wato bayan la'asar zuwa magariba, shi ne lokacin da sauro yake fara fitowa. Kamfanin yana da nasa wanda aka ɗinka daidai da keken, amma na gama-gari mai roba a baki shi ma yana yi, muddin ya rufe ko'ina bai bar kafa a wajen ƙafafu ko bayan rumfa ba. A tuna cewa irin wannan ragar yawanci ba ta da magani, kuma ba ta maye gurbin gidan sauro mai magani da yaro zai kwana a ciki da dare. Bayansa sai matakin ƙafa, domin idan babu shi ƙafafun ƙaramin yaro suna reto idan ya yi barci, kuma ina ganin abu ne da ya kamata a ce yana zuwa tare da keken maimakon a saye shi dabam. Ledar ruwan sama tana da amfani da damina na ɗan lokaci, amma da zarar ruwa ya ɗauke a cire ta, domin zafin da take tarawa ya fi na zane. Jakar ɗumi da ake zura yaro a ciki ta masu zama a Ingila ko Kanada ce, a wurinmu bargo da safa sun isa sanyin hunturu. 'Yar laimar da ake maƙalawa a gefe sai an yi ta gyara ta duk lokacin da aka sha kwana, ban ga ta kai kuɗinta ba. Mariƙin kofi kuwa, idan za a saya, na ruwan sanyi ne kawai, domin shayi mai zafi a saman kan jariri a keken da ke jijjiga haɗari ne bayyananne.

Masu yara biyu da tazararsu ba ta da yawa za su ji daɗin allon da ake maƙalawa a baya, wanda babban yake tsayawa ko ya zauna a kai, yana ɗaukar har kilo 20, ko da yake yana rage wa mai turawa wurin taku. Masu tagwaye kuma akwai wani ƙarfen da ake kira YOYO Connect da ake haɗawa a bayan keken ya zama na yara biyu.

Kwandon da ke ƙasa kilo 5 kawai yake ɗauka, kuma ƙaramin ne, jakar kayan jariri mai ɗan girma tana cika shi. Wannan ne yake sa mutane su sayi ƙugiyoyi su riƙa rataya jakunkuna a mariƙi. A keke marar nauyi irin wannan, rataya kaya a mariƙi yana mayar da nauyi baya, kuma yaron da ke zaune ne kaɗai yake hana keken tuntsurewa, da zarar ya miƙe ko ya motsa sai keken ya kife ta baya. Na taɓa ganin haka ta faru da wani keke dabam a harabar wani asibiti, Allah Ya kiyaye yaron yana ɗaure da bel. Mai yawan kaya ya goya jaka a bayansa, ko ya sayi jakar da kamfanin ya yi mai tayarta, wadda ake maƙalawa a bayan keken ta ɗauki har kilo 10 ba tare da ta rinjaye shi ba.

Tsada ita ce babbar hujjar da za a kafa a kan wannan keke, kuma hujja ce mai ƙarfi. Lokacin da ake sayar da YOYO2 sabo, ƙarfen da kujerar kaɗai sun haura dala 400, kafin a zo kan shimfiɗar sabon haihuwa da gidan sauro da matakin ƙafa, kowanne da kuɗinsa, sannan a ƙara kuɗin kawowa da canjin kuɗi. Ga iyalin da ke hawa jirgi a kai a kai, ko suke da niyyar renon yara da yawa da keke guda, ina ganin kuɗin yana fita, domin ƙarfen yana da ƙarko, ana sauya yadi a bar shi, kuma yana riƙe darajarsa idan za a sayar. Ga wanda buƙatarsa ba ta wuce zuwa asibiti da ziyarar 'yan uwa a mota ba, kamfanoni irin su Joie da Chicco da Graco suna da ƙananan kekuna masu sauƙin kuɗi da za su yi masa aikin, kuma babu abin kunya a zaɓarsu.

Tsadar ce kuma ta buɗe ƙofa ga masu kwaikwayo, akwai kekuna da yawa a kasuwa masu kama da shi a ido, wasu har da suna mai kama da nasa. Ba duk mai araha ne marar kyau ba, amma abin da ba a gani a ido shi ne ƙarfin makulli da na birki da na bakin bel. A duba jikin ƙarfen a nemi takardar da ke ɗauke da lambar samfuri da ranar ƙira da alamar ƙa'idar tsaro, wato EN 1888 ta Turai ko ASTM F833 ta Amurka. Wannan takardar ta fi muhimmanci ga mai sayen na gwanjo, domin kekunan da aka janye daga kasuwa a ƙasashensu ba ɓacewa suke yi ba. A 2009 kamfanin Maclaren ya janye kekuna kimanin miliyan 1 a Amurka bayan rahotannin yara 12 da gaɓar naɗewa ta datse musu kan yatsa, a 2014 kuma Graco ya janye kimanin miliyan 4.7 saboda irin wannan matsala. Hukumar kula da lafiyar kayayyakin masarufi ta Amurka, CPSC, tana wallafa sunayen duk kayan da aka janye a shafinta na intanet, kuma da lambar samfuri ana iya dubawa cikin ɗan lokaci. Ko da keken bai shiga wannan jerin ba, a nisantar da yaro duk lokacin da ake buɗewa ko naɗewa, domin kowane keke yana da gaɓar da ke iya matse yatsa. Kafin a biya kuɗin na hannu a taka birki a tura a ga ko yana riƙewa, a buɗe a naɗe sau da yawa a ji ko makullin yana kamawa, a ja bel da ƙarfi, a duba ko akwai tsagu a roba ko alamar walda a ƙarfe. Keken da aka yi wa walda a gaɓa a bar shi komai arharsa.

Kula da shi ba ta da wahala, amma a yanayin ƙura tana buƙatar naci. Zare da gashi suna naɗewa a gindin tayoyi, ƙura kuma tana shiga inda tayoyin gaba suke juyawa, har keken ya fara ja gefe guda ko ya riƙa ƙara. A riƙa cire abin da ya naɗe, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a bari ya bushe, sannan a fesa man silikon kaɗan. Baƙin mai da man girki ba su dace ba, domin kama ƙura suke yi su mayar da ita laka mai cin gindin taya. Kada a bar keken a rana ko a but ɗin motar da ke ajiye a rana tsawon kwanaki, zafi yana gajiyar da roba yana kuma kashe launin yadi. Tayoyin YOYO2 ana sauya su, kamfanin yana sayar da su a haɗe, saboda haka wanda ke zaune a garin da babu wakilin kamfanin gara ya haɗa da tayoyin canji tun lokacin da yake sayen keken, ko ya ba wani mai dawowa daga tafiya saƙonsu tun tsofaffin ba su cinye ba.